Kunnen Godiya na Hagu

Zuwa ga yayata, Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da kewa irin wadda shekaru ba su rage ba. Ba zan tambaye ki lafiya ba, don na san inda kike babu ciwo, babu layin asibiti. Mu nan unguwar Narayi a Kaduna muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Ni ce ƙanwarki Hannatu, wadda kika raɗa wa suna Barkono saboda bakina. Tun muna yara in abu ya tsaya mini a maƙogwaro ke nake kai wa, kuma har yau ban koyi wata hanya ba. Na sa wannan a fili ne don masu 'ya'ya a makaranta su ma su gani. Ban kama sunan makarantar ba, sun san kansu.

Bayan haka, Yaya, maganar Godiya ce, 'yarki da kika damƙa mini a gadon asibiti kika ce, "Ga amana nan, Hannatu." Ta girma, ta fi ni tsawo, tana aji huɗu na sakandare. Ta ɗauko muryarki tsaf, har an sa ta cikin masu jan waƙa a coci. To, kunnenta na hagu ya daina ji. Na faɗa miki kai tsaye ne don na san ba kya son kwana-kwana.

Ba ranar da abin ya faru na sani ba, kuma abin da ke ci na ke nan. Wata Litinin ta same ni a shagon ɗinkina a kasuwar Kakuri da gefen fuska a kumbure. Ta ce faɗuwa ta yi a matakalar benen makaranta. Na shafa mata man zafi, na ce ta riƙa kallon gabanta, na koma kan keken ɗinki.

Daga nan sai in kira ta ba ta amsa ba. In sake kira, shiru. Har wata rana na daka mata tsawa na ce, "Ke Godiya, kurma kika zama ne?" Allah ya yafe wa bakin nan nawa. Ranar Lahadi ta ɗauko waƙa a gaban jama'a, muryarta ta bi wata hanya, kiɗa ya bi wata. Mai koya musu waƙa ya ɗago kai ya dube ta. Ta yi shiru a tsakiyar baiti ta koma ta zauna, kuma daga ranar ta daina zuwa koyon waƙa.

Rigar filonta ce ta tona. Na zo cirewa da safe don wanki, na ga tabon ruwa rawaya da wari. Ban ko karya ba na ja ta asibiti. Likita ya haska kunnen, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo ya ce, "Wa ya mare ta?" Na ce faɗuwa ta yi. Ya yi mini wani kallo, Yaya, irin wanda ake yi wa matar da ke azabtar da marainiya. Ya ce faɗuwa ba ta yin haka. Ya ce dodon kunnen ne ya fashe, kuma da an kawo ta a ranar, aka hana ruwa shiga, sau da yawa da kansa yake haɗewa. Amma an bar shi, ruwan wanka yana shiga, har wani ya ɗiga mata maganin da bai kamata ba, ga shi ya ruɓe ya yi ciki.

A cikin keken haya, kan hanyar gida, ta buɗe baki. Kin san makarantar nan ta sha yi mana alfahari a taron iyaye cewa malamansu ba sa dukan yara, an wuce wannan zamanin. Mu kuma muna tafi. Ashe gaskiya ne ba sa duka, hannu kawai suka canza. Manyan ɗalibai da aka naɗa shugabanni, waɗanda suke kira firifet, su aka ba aikin. Duk safiya malamin ladabtarwa yana zaune a kujera ƙarƙashin bishiya a bakin ƙofa, masu makara suna durƙushe, shi yana nuni da biro, firifet suna aiwatarwa. In an tambaye shi, ai shi bai taɓa kowa ba.

Ranar Litinin ɗin an yi ruwa, keke ya yi wuya, Godiya ta makara. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai malamin ya ce wa wata firifet mai suna Zulai, "Koya mata hankali." Zulai ta ɗan taɓa ta a kumatu. Ya ce, "Wannan mari ne ko shafa hoda? Ƙara mata." Na biyun a kan kunne ya sauka. Godiya ta ce ta ji wani abu ya yi ƙara a cikin kanta, ta ga ƙasa ta taso mata, da ta taɓa wurin ta ga jini.

Ofishin firinsifal aka kai ta, wadda kowa ke kira Madam. Aka ba ta farasitamol, aka ɗiga mata wani abu daga akwatin magani, aka toshe da auduga, aka zaunar da ita har aka tashi. Ba wanda ya kira ni, ga lambata a hannunsu, wadda ba sa mantawa in lokacin biyan kuɗin zango ya yi. A nan aka koya mata maganar matakala.

Na ce mata, "Ke kuma sai ki yarda? Ni za ki ɓoye wa?" Sai ta faɗa mini dalili. Madam ta ce mata, "Zulai Musulma ce, ke Kirista. Kin san garin nan. In maganar nan ta fita aka ƙona gidan wani, alhakin a kanki yake." Yaya, yarinyar da ko tulun ruwa ban cika bari ta ɗauka ba, aka ɗora mata Kaduna gaba ɗaya a ka. Shi ya sa take kwana da ciwo tana cizon filo ba ta ce uffan ba.

Washegari na tafi makarantar ina huci. Madam ta tarbe ni da fara'a, "Maman Godiya, 'yar'uwata cikin Ubangiji," ta rufe ƙofa, ta ba ni kujera. Ta ce e, an ɗan sami tsautsayi tsakanin ɗalibai, kuma sun ɗauki mataki. Na ce wane mataki? Ta ce wannan sirrin makaranta ne. Na ce malamin fa? Ta ce ai ba ya wurin, ya zagaya. Sannan ta rage murya ta ce uban Zulai mutumin unguwar Makera ne, mai zafin kai, kuma labari ya zo mata ya fara tara mutane. "Ki rufa wa garin nan asiri," in ji ta. Da na miƙe kuma ta ƙara da cewa yarinyar da ke jawo wa makaranta rigima ba ta cika daɗewa a cikinta ba.

Kin san abin da Barkononki ta yi? Shiru. Ni da nake tada kasuwa a kan zip ɗin da aka sayar mini mara kyau. Abin da ya zo mini a ido shi ne ranar da gari ya yamutse muka tsallako gada, ke da kan keken ɗinkin Mama a ka, ni da ƙullin tufafi, hayaƙi a bayanmu, kina ce mini, "Kar ki waiga, Hannatu, kar ki waiga." Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Madam ta san wannan, ita ma 'yar garin ce, kuma da shi ta ɗaure ni.

Da na dawo gida Godiya ta dubi fuskata ta gane. Ta ce, "Ba komai, Mama." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ga ta sa ni cikin layin waɗanda suka ce ta faɗi a matakala.

Haka muka zauna har wata Asabar da hantsi. Ina wanki a tsakar gida, yaran layi suka shigo a guje, "Anti, Anti, wasu Hausawa na nemanki!" Na fito da kumfa a hannu. Keke ya tsaya a bakin layinmu, wata mata ta sauko cikin dogon hijabi, tana riƙe da kular abinci da ledar lemu, wata yarinya a bayanta kai a sunkuye. Samarin da ke zaune a shagon aski duk suka miƙe tsaye. Maƙwabciyata ta fito ƙofa da taɓarya a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Na tsaya ina leƙen bayan keken in ga ko akwai wasu.

Babu kowa, su biyu ne. Matar ta yi sallama. Ta ce, "Ni ce uwar Zulai. Dubiya na zo."

Na shigar da su ɗaki da sauri na saki labule. Ta zauna a bakin kujera kamar mai shirin gudu. Sunanta Hajiya Binta, tana sayar da atamfa a gida. Ta ce makaranta ta kira ta, an ce ta ajiye Zulai a gida na ɗan lokaci ba tare da surutu ba, kuma ko da wasa kada ta taka Narayi, don mun kai magana coci, mun tara samari. Ta ce maigidanta ma da farko hana ta ya yi. "Amma Maman Godiya," in ji ta, "a gidanmu ba a yi mini tarbiyyar 'yata ta ji wa 'yar wani ciwo in kwanta in yi barci ban je dubiya ba. Na ce masa in ma wani abu zai same ni, ya same ni a ƙofar gidan da na je ban haƙuri."

Na ce, "Hajiya, mu aka ce wa maigidanki ne ya tara mutane." Ta zaro ido ta ce, "Wa? Malam? Mutumin da ko akuyar maƙwabta ta ci masa dawa sai ya ba ta haƙuri?" Muka tsaya muna kallon juna. Ashe igiya ɗaya aka ɗaure mu da ita, ni a wannan bakin, ita a wancan. Duk lissafin Madam a kan abu guda ya tsaya, cewa matar Makera da matar Narayi ba za su taɓa zama ɗaki ɗaya ba. Ta manta da dubiya.

Na kira Godiya. Zulai ta zube a ƙasa tana kuka, tana magana ƙasa-ƙasa. Ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya, hannuna ƙaiƙayi yake yi, sai da na danne shi a ƙarƙashin cinya. Ta gefen hagun Godiya Zulai ta durƙusa. Godiya ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta miƙa mata kunnen dama ta ce, "Me kika ce?" A nan Hajiya ta gane girman abin, don ita an gaya mata ɗan kumburi ne. Ta ɗora hannu a ka tana salati, hawaye na zuba. Ta ce Zulai ma tun ranar ba ta cin abinci, wai ba ta son ganin hannunta. Na dubi yarinyar da kyau, ita ma yarinya ce, an ba ta bajon firifet an ce ta doki ƙannenta in tana son ta ci gaba da riƙe shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Kafin su tafi muka sha kunun gyaɗar da ta kawo, muka yanke shawara za mu je taron iyaye na ƙarshen zango tare. Na raka su har bakin titi da kaina, ina riƙe da kular, samarin layi suna binmu da ido.

Masu ba da shawara sun yi yawa. Wannan ya ce a bar wa Allah, wancan ya ce in tuna Godiya saura mata shekaru a makarantar, in aka kore ta a tsakiyar karatu ina zan kai ta. Duk na ji, kuma tsoron bai bar ni ba. Amma na tuna abin da kike faɗa in na zo miki da ƙorafi, "Hannatu, in za ki bar wa Allah, ki fara ba shi gaskiyar tukuna."

Ranar taro zauren ya cika. Madam ta yi bayanin katanga, ta yi na motar makaranta, sannan ta maimaita alfaharin nan, cewa a nan malami ba ya ɗaga hannu a kan ɗalibi. Aka yi tafi. Da aka ce ko akwai mai magana, na miƙe. Hajiya Binta ta miƙe a gefena, kafaɗa da kafaɗa. Tun kafin in buɗe baki zauren ya ɗauki gunaguni.

Na faɗi komai, daga kujerar ƙarƙashin bishiya har zuwa rigar filo. Madam ta yi murmushi ta ce, "Iyaye, yarinyar da bakinta ta ce faɗuwa ta yi." Wani dattijo daga baya ya ɗaga murya, "Don Allah kar a kawo mana maganar addini nan wurin!" Na ga wasu sun fara kallon ƙofa, wata ta ɗauki jakarta. Na ce shi ke nan, abin da ake gudu ya zo. Sai Hajiya ta juya ta ce masa, "Ba mu muka kawo ta ba, Baba. A ofis aka raba mana ita, kowa da tata."

Mun bar yaran a waje, ashe suna bakin taga. Sai ga Godiya ta shigo, Zulai na biye da ita. Yanzu Godiya ba ta iya auna muryarta, don haka da ta yi magana har bango ya amsa. Ta ce, "Ban faɗi a matakala ba." Zulai ta ce, "Ni na mare ta. Malam ya ce in ƙara." Malamin yana zaune a layin malamai, ya dasa ido a kan takalminsa bai ɗago ba.

Sai wani mutum cikin rigar aikin kamfani, daga Kudenda ya zo, ya miƙe ya ce nasa ɗan an ce ƙofa ce ta datse masa yatsa. Wata mata ta ce tata an ce ƙwallo ce ta same ta a ido. Wata kuma ta ce ita ma matakala aka ce mata. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ashe benen nan naku ya fi kowa mugunta a Kaduna." Ba wanda ya yi dariya, ni ma ban yi ba.

Ba mu ce a rufe makaranta ba, ba mu ce a kai Zulai wurin 'yan sanda ba. Mun ce duk yaron da ya ji ciwo a kira iyayensa nan take, ba sai an tashi ba. Mun ce a daina aron hannun yaro ana dukan yaro. Ni kuma na roƙi abu ɗaya don kaina, a tsaya a gaban ɗalibai a taron safe a faɗa cewa Godiya ba ta faɗi ba, don a gabansu aka mayar da ita maƙaryaciya.

Kar ki ɗauka an gama, Yaya. An kafa kwamitin iyaye, an sa ni da Hajiya a ciki. An daina ganin malamin a bakin ƙofa, amma har yau ba a gaya mana ko sallamarsa aka yi ko wani aji aka mayar da shi ba, wai shi ma sirrin makaranta ne. Madam ba ta ce mana yi haƙuri ba, in mun haɗu sai ta kalli gefe. Maganar taron safe kuwa kullum sai an ce mako mai zuwa. Ban sani ba ko za su bar Godiya ta ƙarasa a can. Ina nan dai, kuma yanzu ba ni kaɗai nake zuwa ofishin ba.

Abin da nake so ki sani shi ne wannan. Da muka fito daga taron muka shiga keke, na ga Godiya tana ta waige, tana kallon sama ta wajen Makera. Har muka wuce Kakuri ba ta daina ba. Da muka iso gida ta kama hannuna ta ce, "Mama, ba a yi faɗa ba?" Hayaƙi take nema, Yaya. Na ce mata ko ashana ba a ƙyasta ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka mare ta, ni ma na taya ta.

Likita ya ce ciwon ya bushe, amma ji ɗin ba shi da tabbas. Wataƙila kaɗan ya dawo, wataƙila sai an yi aiki, wataƙila shi ke nan. Ya sake faɗa mini cewa ba marin kaɗai ya kai mu nan ba, kwanakin da aka ɓoye ne. Godiya ta koma koyon waƙa. Ta canza wurin tsayuwa don kiɗan ya zo mata ta dama, tana ɗan karkata kai, tana laluben muryarta a hankali.

Ki yafe mini, Yaya. Lafiyayyiya kika ba ni ita. Ubangiji ya ci gaba da ba ki hutawa, ya taɓa kunnen nan da hannunsa, ya sanyaya zuciyar Zulai, ya saka wa Hajiya Binta da alheri a kan ƙafar da ta tako. Ya kare 'ya'yan mutane daga hannun da ke duka da bakin da ke ɓoyewa. Amin.

Saura abu ɗaya. Godiya ta ce mini kwanan nan tana yawan ganinki a mafarki, kina zaune a gefen gadonta, bakinki yana motsi, amma ba ta jin abin da kike cewa. Gadon nata bango ne a dama, to na ja shi tsakiyar ɗaki na bar miki hanya. In kin sake zuwa, don Allah ki zagayo ta dama.

Taki har mu sadu,
ƙanwarki Hannatu, Barkononki.